Hassan da Usaini: yadda aikin ma'ajiyar shagona yake tafiya

Asabar, 11 ga Janairu 2025

Na fara rubuta wannan ne saboda ni mutum ne mai mantuwa, yau in kwance abu gobe in rasa wane noti ne na ina. Abinda ya jawo aikin kuwa, watan jiya had-dis ɗina na waje, ɗan tera biyu da nake tara bidiyon bukukuwa a ciki, ya faɗo daga kan benci yana cikin aiki, wani yaro ne ya zo karɓar wayarsa da ya kawo caji ƙafarsa ta ja kebul. Faɗuwar ko tsawon gwiwa bata kai ba amma tun daga ranar sai ƙas ƙas ƙas yake kamar agogon bango. Bikin gida uku ya tafi a ciki. Biyu na same su a memorin kyamara ban riga na goge ba, na ukun kuwa, kamu da ɗaurin aure da kai amarya na 'yar wata Hajiya a bayan masallacin Juma'a, babu shi babu dalilinsa. Na kai mata kuɗinta har gida, ta ƙi karɓa, cewa tayi "ɗan nan ba kuɗin ba ne, kakar yarinyar tana cikin hoton nan, kuma ka san ko sati biyu bata ƙara ba." Wallahi da ƙasa zata tsage da na shige.

Abokina da yayi karatun kwamfuta a jami'ar Wudil, muna ce masa injiniya, yanzu yana aiki a Kaduna, shi ya ce in daina wasa da amanar mutane in haɗa abinda suke kira RAID 1. Wato dis biyu masu girma ɗaya, duk abinda ka ajiye kwamfuta zata rubuta shi a kan kowanne a lokaci guda, in ɗaya ya mutu ɗayan na nan da komai. Kuɗin tera takwas zaka biya ka mori tera huɗu, nan ne ciwon. Nace to ai tagwaye kenan, tun kafin in saye su na raɗa musu suna, Hassan da Usaini. So nake in gama kafin Sha'aban, don kowa ya san yadda ake rububin aure kafin azumi.

Talata, 14 ga Janairu

Sammako nayi, mashin zuwa Wudil, mota zuwa Unguwa Uku, daga nan adaidaita zuwa titin Beirut. Kwamfutar tokumbo na samu, doguwar akwati, Core i5 da RAM giga takwas, N90,000 bayan doguwar ja-in-ja. Dis biyu 'yan tera huɗu huɗu, su ma ba sababbi ba, N72,000 kowanne. Ƙaramin SSD (wani dis mai sauri da babu abin da ke juyi a cikinsa) ɗan giga 128 da zan ɗora Linux, manhajar da zata tafiyar da kwamfutar, a kai N17,000, kebul ɗin SATA biyu N2,000, mota da abinci N6,500. Jimla N259,500, kuɗin ragon da na sayar da na adashen da na ɗauka duk sun narke a rana ɗaya.

Dis ɗin ba iri ɗaya bane. Hassan irin na kwamfutar gida ne, Usaini kuwa ya fi nauyi a hannu, mai shagon yace daga manyan kwamfutocin kamfanoni na waje aka ciro shi, "wannan Malam jaki ne, dare da rana yake aiki." A gabana ya soka kowanne a wata 'yar na'ura mai kama da tukunyar fure da ake jonawa da USB, duk biyun suka fito a laftof ɗinsa. Na naɗe su a tsohon bargo na rungume a cinya har gida saboda ramukan hanyarmu, wani dattijo a mota yana tambayata ko ƙwai ne.

Laraba, 15 ga Janairu

Jiya da dare na bar wayata a kan katanga inda sabis yafi ƙarfi ta sauke Linux ɗin, mai suna Ubuntu Server 24.04, kusan giga uku, da datar dare. Yau na ɗora shi kan SSD ba wata matsala. Na kashe, na ɗaura Hassan da Usaini a mazauninsu, kowanne da kebul ɗinsa na data mai haƙori 7 da na wuta mai haƙori 15, na kunna, na buga lsblk, umarnin da ke jero dis ɗin da kwamfuta take gani, kamar yadda injiniya ya rubuto min.

sda ga shi, SSD ne. sdb ga shi, 3.6T. Shikenan. Babu na uku.

Farko ma 3.6 ɗin ne ya tayar min da hankali nace an cuce ni, tera huɗu na biya, sai injiniya ya tura min dariya yace haka yake, masu ƙerawa da dubu suke lissafi ita kuma kwamfuta da 1024, ba wanda ya saci komai. To wannan ya wuce. Amma ina ɗan'uwansa? Na duba lambar jikin wanda ya fito, Hassan ne. Na sake kunnawa na shiga BIOS, saitin kwamfuta da ke zuwa tun kafin Linux ya tashi, ramukan SATA, wato inda ake soka kebul ɗin dis, huɗu ne a bod ɗin, duk a buɗe suke ba wanda aka kashe, tsarin kuma yana kan AHCI yadda ake so. Rami na farko SSD, na biyu Hassan, na uku da na huɗu wayam. Kaga tun daga BIOS ba'a ganinsa, ba maganar Linux bace, ba maganar fomatin bace. Na koma na buga dmesg, mai nuna rahoton abinda Linux ya gani tun daga kunnawa, ina ta gungurawa har na ga layin da yake cewa SATA link down a ramin da na san da hannuna na soka masa kebul, wato dai a wajen kwamfuta kamar ba'a jona komai ba.

Ƙanina da yake taya ni zaman shago yace "Yaya ko dai a mota ya bugu?" Ban amsa masa ba don ni ma abinda ke raina kenan. Magariba tayi na rufe.

Alhamis, 16 ga Janairu

Yau ranar musaye ce. Na cire kebul ɗin data na Hassan na bai wa Usaini, shiru. Na bai wa Hassan na Usaini, ya fito lafiya, to kebul ba shi da laifi. Na zagaya da Usaini duk ramukan huɗu har da wanda SSD ke kai, shiru. Na canza masa bakin wuta, akwai uku a jere a kan waya ɗaya daga fawa fak, wato akwatin da ke raba wa kayan cikin kwamfuta wuta, duk na gwada. Sai nace ko wutar ce bata ishe su su biyu ba tunda dis yana jan wuta da yawa lokacin da zai fara juyi, na cire Hassan gaba ɗaya na bar Usaini shi kaɗai, nan ma ko gezau.

Abinda na lura dashi shine wannan: in ka ɗora yatsa a bayan Hassan ka danna makunni zaka ji yana ɗan kaɗawa, sannan wani siririn zuuu yana hawa. Usaini kuwa na kashe fankar shago, na sa ƙanina ya kashe rediyo, na kara kunnena a jikinsa kamar likita, sanyi ƙalau kamar dutse. Bai ma fara juyawa ba balle a yi maganar karanta shi. Na yanke hukunci ya mutu, kuma a raina na fara shirya maganganun da zan gaya wa mai shago.

Juma'a, 17 ga Janairu

Kasuwar Wudil, na je ɗaukar hoton fasfo na wasu 'yan ƙungiya. Ban taɓa kwamfuta ba.

Litinin, 20 ga Janairu

Na koma Kano da Usaini a bargo, da fushina. Ko gaisuwar kirki ban tsaya nayi ba nace Alhaji ka bani mataccen kaya, ga shi ko motsi baya yi, ni talaka ne daga ƙauye na taso. Mutumin nan bai ce min uffan ba, ya miƙo hannu ya karɓa ya soka a 'yar tukunyar nan tasa. Ina tsaye na ji zuuu da kunnena. Ya juyo min da laftof, ga shi nan ɓaro ɓaro, har ya tura wani fayil ciki ya buɗe ya nuna min. Yaransa biyu suna ta ƙunshe dariya. Yace "Malam zauna ka sha ruwa, ka sha hanya." Wannan ruwan ya fi mari ciwo.

Na bashi haƙuri, yace ba komai, in ina so ya canza min amma wanda ya rage irin Usainin ne sak, daga kwali ɗaya suka fito. Nace a'a bari in koma in sake dubawa tunda kunya ta riga ta kama ni. Sai na sayi ƙaramar mahaɗar USB mai nata cajan wuta na bolt 12, N9,500, don in iya gwadawa a gida ba sai na sake biyan kuɗin mota ba. Yau da mota N15,500 ta tafi, jimla ta zama N275,000.

Da na dawo bayan isha'i ban iya haƙuri ba na buɗe shago da tocila. Ta USB: Usaini ya tashi garau. Na mayar dashi cikin akwati: gawa. Na sake fito dashi: garau. Sau uku nayi haka kamar mai taɓin hankali. Baba yana dawowa daga masallaci ya ga haske ya leƙo yace "kai har yanzu akwatin nan ne? In aljanu ne da ita ka faɗa a nemo malam." Nace Baba saura kaɗan in yarda.

Talata, 21 ga Janairu

Tunda yana tashi ta USB na yi amfani da damar na duba lafiyarsu da smartctl. Hassan awa dubu tara da 'yan kai yayi yana aiki, Usaini sama da awa 31,000, wajen shekara uku da rabi kenan ba hutu, amma wajen da ake duba ɓatattun gurabe, layi mai lamba 5 da mai lamba 197, duk sifili ne. Na sa masa dogon gwaji, ya cinye wuni guda, ya fito ba kuskure.

Aiki kuma ba zai jira ni ba, akwai saukar Alƙur'ani ta Islamiyya ranar Lahadi. Injiniya yace ana iya haɗa RAID 1 da dis ɗaya a bar gurbin ɗayan, a wajen sunan na biyun sai ka rubuta kalmar missing a umarnin mdadm, manhajar da ake haɗa RAID da ita. Haka nayi. Na yanka fatishan na rage 'yan megabait a ƙarshe don ko nan gaba na sayi wani da girmansa ya ɗan gaza. Yanzu cat /proc/mdstat yana nuna min [2/1] [U_], U ɗin Hassan ne, layin ƙasan kuma kujerar Usaini ce da ba kowa. Yace kar in kuskura in haɗa Usaini ta USB a matsayin na dindindin, kebul ya ɗan motsa zai fice.

Asabar, 25 ga Janairu

Alhamdulillahi. An gano shi, kuma abin ko girman ƙwayar shinkafa bai kai ba.

Injiniya ya samu sarari da safe ya kira ni bidiyo, sabis yana yankewa na fita dashi bakin titi ina riƙe da dis a hannu. Yace in karanto masa lambar samfurin da ke jikin takardar Usaini, na karanto, yayi shiru yana dannawa, can sai yace "mutumina koma ciki ka ƙirga min wayoyin da suka shiga bakin wutar nan, kala nawa ne?" Na ƙirga biyar: rawaya, baƙa, ja, baƙa, sai ruwan lemo. Yace to ga ɓarawonka nan, mai ruwan lemon.

Ga yadda na fahimci bayanin. Rawaya bolt 12 ce, ja bolt 5, baƙaƙen na ƙasa ne, ruwan lemo kuma bolt 3.3, ita ke ciyar da haƙora uku na farko a cikin 15 ɗin. A da can duk ukun wuta ce kawai, kuma manyan dis irin namu basu ma amfani da ita. Sai a ƙa'idar SATA 3.3 da ta fito a 2016 haƙori na uku ya samu sabon aiki, ya zama makashi. A manyan ɗakunan ajiyar bayanai inda dis ke da yawa, in ɗaya ya maƙale ba sai mutum ya taso ya zare shi ba, daga nesa za'a aika wuta kan haƙorin nan dis ya mutu, a janye wutar ya sake tashi. To ni kuma fawa fak ɗina tsohon yayi ne, bai san da wannan zance ba, tunda aka kunna shi yake zuba 3.3 kan haƙorin ba ƙaƙƙautawa. Wato Usaini lafiyarsa ƙalau, umarni ake bashi ya kwanta shi kuma yana bi. Tukunyar Alhaji da mahaɗata ta USB basu da 3.3 sam, 12 da 5 kawai suke bayarwa, shi yasa can yake tashi. Hassan kuma bai da wannan tsarin, ko a jikinsa.

Magani: a rufe haƙori na uku kar ya taɓa komai. Baƙin tef na masu wayarin yayi kauri, salatif kuma zafi zai narkar da gam ɗinsa, sai na tsallaka wajen mai gyaran waya na kusa da tasha ya yanko min ɗan tef ɗin nan nasu mai ruwan zuma da suke rufe bod dashi in zasu hura zafi, ko sisi bai karɓa ba, har da aron ɗan hantsakinsa. Ana ƙirgawa ne daga ɓangaren da ke maƙwabtaka da bakin data, ɗaya, biyu, uku. Na manna tef a kan gilashin tebur na yanka siriri da sabuwar reza, na farko yayi faɗi ya hau kan na huɗu, na biyu iska ta ɗauke shi ban sake ganinsa ba, na uku ya manne a yatsana ya naɗe. Sai injiniya yace ai ko na rufe ukun farko gaba ɗaya ba laifi, muddin ban taɓa na huɗu ba. Wannan ya fi sauƙi nesa ba kusa ba. Ƙanina ya haska min da waya, na shimfiɗa, na danne da bayan farce, na lanƙwasa bakin ta ƙasa, na tura bakin wutar a hankali.

Na ɗora yatsa na danna makunni. Zuuu. Ƙanina har da kabbara. lsblk: sda, sdb, sdc. Kwana goma da kuɗin mota biyu da zubar da mutunci a titin Beirut, a kan abinda na samu kyauta a tsallaken titi.

Lahadi, 26 ga Janairu

Kafin in tafi wajen sauka na yanka wa Usaini fatishan daidai da na Hassan na ƙara shi da mdadm --add da ƙarfe takwas na safe, da gangan, don kwafin ya tafi da rana lokacin da sola ke da ƙarfi. Ya fara da gudun mega 150 da wani abu a daƙiƙa yana cewa awa bakwai, amma yana matsawa ciki gudun na raguwa, da la'asar ya sauko ƙasa da ɗari. Abin mamaki duk tera huɗun yake kwafa har da inda ba komai. Biyar da rabi ya gama, batir bai ko yi ƙara ba. [2/2] [UU]. Na ɗauki hoton sikirin na tura wa injiniya, na kuma tura wa Alhajin titin Beirut saƙon murya na gaya masa abinda ya faru don kar wani ya sake zuwa masa da irin haukata, yace ashe shi yasa mutum biyu suka dawo masa da irinsa.

Talata, 28 ga Janairu

Da safe na kunna ta ƙi ƙarasa tashi, ta tsaya minti ɗaya da rabi tana ƙirge sannan ta jefa ni wani baƙin fili tana neman kalmar sirri. Gabana ya faɗi nace shikenan Usaini ya koma. Ashe duk suna nan, [UU] ma, sunan ne ya canza, md0 ɗin da na haɗa ya wayi gari md127, ni kuma a fstab, fayil ɗin da ke gaya wa kwamfuta ma'ajiyar da zata buɗe in ta tashi, md0 na rubuta, tana ta neman abinda babu. Laifina ne, akwai layi biyu a saƙon injiniya da na tsallake: a zuba sakamakon mdadm --detail --scan cikin mdadm.conf, sannan a buga update-initramfs -u. Na yi su, a fstab kuma na cire sunan na sa UUID, lambar shaidar ma'ajiyar da bata canzawa, wadda umarnin blkid ya bani, na ƙara nofail don ko ma'ajiyar bata fito ba kwamfutar ta tashi. Na kashe na kunna sau biyar don in tabbatar.

Na kuma lura sdb da sdc basu da alƙawari, ranar da na gwada da filash a jiki haruffan sun gurgusa. Don haka na rubuta lambobi huɗu na ƙarshen siriyal ɗin kowanne da maka a jikin akwati, kar wata rana in zare mai lafiya in bar mara lafiya.

Alhamis, 30 ga Janairu

Na sa Samba, yanzu laftof ɗin da nake haɗa bidiyo tana ganin foldar kamar a cikinta take. Na kwashe duk memori.

Lahadi, 9 ga Fabrairu

Biki huɗu cikin kwana tara, ɗaya har Garko. Ba lokacin rubutu. Giga 310 sun shiga.

Laraba, 12 ga Fabrairu

Usaini ya sake ɓata, kuma abinda ya fi bani tsoro kwana biyu yayi baya nan ban sani ba. Komai na tafiya daidai, fayil na buɗewa, bidiyo na shiga, ba ƙara ba alama. Yau kawai ina jiran wani bidiyo ya gama fita nace bari in leƙa mdstat, sai ga [U_] yana kallona. Da Hassan ya samu matsala a kwana biyun nan da na koma gidan jiya da bikin gida huɗu.

Da na tuna baya, ranar Litinin na buɗe akwatin na hure ƙura, don hunturun bana ta cika fankar da jar ƙasa har ta fara kuka, kuma na zare wayoyin na mayar. Na zaro bakin wutar na haska: tef ɗin ya tattare can ciki kamar hannun riga, haƙoran uku tsirara. Ashe duk zarewa da mayarwa tura shi take.

Na ƙi sake sa tef. Hanya biyu suka rage. Akwai 'yar mahaɗa da ke ɗauko wuta daga tsohon baki mai rami huɗu, Molex, wanda shi dama 12 da 5 kawai gare shi, amma injiniya yace masu arhar nan da aka zuba wa roba aka daskarar suna iya narkewa har su kama wuta, ni kuma shagona rufin kwano ne da silin kwali, ga takardu. Ta biyun ita ce a raba wayar ruwan lemo da layin gaba ɗaya. Na zare filogi daga bango, na danna makunni ya tsotse sauran wutar, na datse ruwan lemon a tsakanin fawa fak da bakin farko, na naɗe kowane ɓari da baƙin tef na ɗaure da zare. SSD yana kan wani layin daban ban taɓa shi ba. Hannuna na rawa lokacin datsewar ba zan ɓoye ba, N90,000 ce.

Ya tashi. mdadm --re-add, na gyara zama zan jira awa tara, sai ga shi ya gama kafin in shanye shayi, minti goma sha wani abu. Ashe akwai wata 'yar taswira da mdadm ke riƙewa, bitmap, tana lura da guraben da aka taɓa tun fitar ɗan'uwan, su kaɗai aka kwafa.

Alhamis, 13 ga Fabrairu

mdadm na iya aika imel in dis ya fita, amma kwamfutar nan ba kullum take da intanet ba, ni ma ba duba imel nake ba. Na yi na gargajiya: na rubuta UU babba a kwali na manna a jikin ƙofa ta ciki, duk wanda ya buɗe shago ni ko ƙanina sai ya duba kafin ya share ƙasa. Injiniya yace zai rubuto min ɗan umarni da zai sa ƙaramar lasifikar bod ta riƙa ƙara in U ɗaya ya ɓace, ina jira.

Laraba, 19 ga Fabrairu

Ƙanina yana share tsofaffin folda ya haɗa da ta walimar wani malamin firamare da ba'a karɓa ba. Ya zo jiki a sanyaye yace "Yaya ai akwai a Usaini ko?" Babu. Abinda aka yi wa Hassan shi ake wa Usaini a daƙiƙar, har da gogewa. Allah ya taimaka memorin na cikin jakar kyamara ban sake amfani dashi ba. Ban yi masa faɗa sosai ba don ni kaina sai yau abin ya zauna min, tagwayen nan mutuwar dis kawai suke tarewa, banda kuskuren hannu, banda ɓarawo, banda tsawa ko gobara tunda akwati ɗaya suke kwana.

Na kunna kwandon shara na Samba, abinda aka goge daga laftof zai koma wata ɓoyayyar folda maimakon ya ɓace. Sannan dole a yi wa tagwaye ƙani.

Juma'a, 21 ga Fabrairu

Gambo ya iso. Ɗan tera biyu ne tokumbo, N38,000, direban garinmu ya karɓo min daga wajen Alhaji, da ƙaramar fanka N3,000 da zan ɗaura a gaban tagwayen. Mahaɗar USB ɗin nan da nake ganin asara ce ita zata yi masa aiki. Duk Juma'a bayan masallaci zan jona shi in buga rsync ya kwashi sababbin ayyukan da ba'a karɓa ba, in naɗe shi in kai ɗakin Inna cikin kwalla. Jimla zuwa yau N316,000.

Asabar, 1 ga Maris

Ɗaya ga azumi, kasuwar biki ta tsaya sai bayan sallah. UU da safe. Tera 1.1 a cike. Da azahar Hassan na nuna zafi 39, Usaini 43 duk da sabuwar fanka, kuma zafin gaske bai zo ba tukuna, Afrilu ce abin ji a ɗakin kwano. Cikin azumin nan zan sauke akwatin daga kusa da taga in yi mata ɗan dandamali da bulo biyu a lungun da rana bata bugawa, in sa kafinta ya huda min bango a saka raga. Batir ɗin inbata ma ya fara gajiya, jiya tara da rabi ya fara kuka, sai na tambayi farashi in na shiga Kano sayen kayan sallah. Hajiya ta aiko wai ƙanwar amaryar nan za'a sa ranarta bayan ƙaramar sallah, in je mu yi magana.